Kafin ka ɗauko injin murɗa turken ƙarfe

Wanda ya saba bin hanyar Gombe zuwa Numan ya san baƙar lakar wannan yanki. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsattsage har hannu ya shige cikin tsagar. Fandishon kankare mara zurfi a irin wannan ƙasa ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka tare da ita. Shi ya sa da aka ba mu aikin kafa firam ɗin sola a wani ƙauye na yankin, injiniyan aikin ya ce turakun ƙarfe masu murɗi za a sa: bututu ne mai faifai a kusa da bakinsa, ana murɗa shi cikin ƙasa kamar sukuru a katako, har faifan ya wuce inda laka ke motsi ya kama ƙasa mai tauri.

Turakun ba su ba ni wahala ba. Abin da ya ci mini lokaci shi ne zaɓen abin da zai murɗa su.

Mai ba da hayar injuna da na fara zuwa wurinsa ya nuna mini wata ƙatuwar eskabeta da kan haƙa rami, wato na'urar da ake ɗaurawa a ƙarshen hannunta, a maƙale. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ko dutse ne sai ta huda shi." Gaskiya ya faɗa, sai dai ni ba huda nake nema ba. Kan haƙa rami an yi shi ne ya yi gudu ya fito da ƙasa waje. Kan murɗa turke kuwa giyarsa ƙasa-ƙasa take, a hankali yake juyawa amma da ƙarfi, juyi 5 zuwa 20 a minti. Faifan turke yawanci tazarar murɗinsa milimita 76 ce, saboda haka kowane juyi ɗaya ya kamata turken ya nutse kusan haka. In yana juyawa ba ya nutsewa, to yana markaɗa ƙasar da ake so ya kama ne, kuma turken da ya zauna cikin markaɗaɗɗiyar ƙasa ba ya riƙe komai.

Daga nan na koma na zauna da injiniya, muka fara lissafi daga turken, ba daga injin ba. Tsakanin ƙarfin murɗin da turke ya sha a ƙarshen shigarsa da nauyin da zai iya ɗauka akwai dangantaka, wadda Hoyt da Clemence suka fitar da alƙalumanta a 1989. Ga bututu mai kaurin milimita 89, ana ninka ƙarfin murɗin da 23 a samu nauyin da zai iya ɗauka. Wato in kana son turke ya riƙe tan 5, ka ninka biyu don kariya, ya zama kilonyutan 100 ke nan, ka raba da 23, sai ka ga kana bukatar murɗi na kilonyutan-mita 4 da ɗan ɗori. Wannan lamba ita ce za ka shiga kasuwa da ita. Kan da za ka ɗauka ya fi ta ƙarfi da rata mai kyau, domin ƙasa ba ta zama iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Amma kuma kowane bututu yana da iyakar murɗin da zai jure, masu ƙera shi sun rubuta. Kan murɗi mai ƙarfin gaske a kan siririn bututu, in direba ya yi sakaci, sai ya murɗe ƙarfen ko ya yage ramukan noti na wurin haɗi. A aikin sola ma ba nauyin da ke dannawa ƙasa ba ne babban abin tsoro. Iskar hadarin farkon damina ce, wadda ke shiga ƙarƙashin farantin sola tana neman tumɓuke turken.

Sai batun ita eskabetar. Kan murɗi ba shi da inji nasa, man haidirolik na eskabeta yake sha. Yawan man da ke gudana a minti shi ke sa saurin juyi, firesha kuma ita ke ba da ƙarfi. Kowane kai yana da farantin da aka buga adadin da yake bukata na biyun, kuma dole ka gwada shi da abin da injin ke bayarwa. Akwai wani abu da ba a faɗa maka sai ka tambaya: yawancin eskabetocin haya da ke nan an ja musu tiyo ne don hamar fasa dutse, mai tafiya hanya ɗaya. Kan murɗi yana son hanya biyu, gaba da baya, don in turke ya karkace ko ya ci karo da dutse a warware shi a fito da shi. Wasu injunan akwai bawul da ake juyawa a gefe, wasu kuwa sai makanike ya yi aiki.

Ƙaramar eskabeta muka ɗauka a ƙarshe, mai nauyin tan 5. Babbar sai an kawo ta a kan lobed, ga hanyar ƙauyen da ba ta ɗaukar tirela, ga laka da za ta nutse a ciki in an yi yayyafi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai dai kada ƙanƙantar ta yi yawa, domin hannun injin ne ke danna turke yana kuma tare juyin da ke dawowa. Injin da bai da nauyi, turken ne zai riƙa ɗaga shi. A duba tsawon hannu kuma: kan murɗi da abin haɗi da bututu mai mita 2, duk sai sun tsaya a miƙe ƙarƙashinsa.

Wani dattijo da ke zuwa kallonmu ya tambaye ni ko ba za a iya yi da hannu ba. Na ce masa, "Baba, da hannu aka fara." Alexander Mitchell, injiniya ɗan ƙasar Ayalan wanda makaho ne, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1833, kuma turakun hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Maplin Sands a bakin kogin Thames, a 1838, mutane ne suka murɗa su da dogayen sanduna. Har yau ƙananan turaku na shinge ko rumfa, mutum biyu da bututu a gicciye sun isa. Illar kawai, ba ka da lambar da za ka nuna wa kowa.

Lambar nan ita ta sa na dage a kan ma'auni. Gejin firesha ɗaya a kan tiyon shigar mai bai wadatar ba, don man da ke komawa ma yana da firesharsa, bambancin biyun ne ainihin aikin da kan ya yi. Muka sa geji biyu, yaro ɗaya yana karantawa a kowane rabin mita yana rubutawa, wani yana tsaye da filam, abin auna miƙewa, yana duba turke ta fuska biyu yana yi wa direba alama da hannu. Hannun eskabeta ba a miƙe yake sauka ba, lanƙwasa yake bi kamar ta baka, don haka in direba bai riƙa gyara ba, turken karkacewa zai yi. Mai hali ya sayi ma'aunin lantarki da ake ɗaurawa tsakanin kan murɗi da turke, ya fi geji gaskiya.

A gefen gabas na filin muka tarar da marmara ƙasa da mita ɗaya. Nan turke ya tsaya yana juyi a banza, geji ya haura. Direba ya so ya ƙara dannawa, na ce, "Malam, tsaya haka nan." Muka warware turken, aka ɗaura kan haƙan nan da na ƙi tun farko, da siririn baki wanda bai kai faɗin faifan ba, aka huda marmarar kaɗai, sannan turken ya wuce. Waɗannan turakun injiniya bai yarda da lambar gejinsu ba, sai da aka ɗora jak aka ja su sama aka auna motsinsu kafin ya sa hannu.