Wasiƙa daga Ingila: Gishirin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Kano, iyaye da yayye da ƙanne.

Ina rubuto muku ne daga yankin Cheshire na Ingila, inda sanyi ya kankama. In dare ya yi, motoci ke bin tituna suna watsa gishiri don kada ƙanƙara ta daskare a kan kwalta. Daga ramin Winsford ake haƙo shi, zurfin kusan mita 150, kuma tun 1844 aka buɗe ramin. Gishirin ja-ja ne saboda laka da ta gauraye da shi, mai tauri sai an sa na'ura an farfasa.

Masana ƙasa sun ce nan wurin ruwan teku ne ya kwanta a da, fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Rana ta riƙa busar da shi, teku ya sake malalowa, ya sake bushewa, gishiri na taruwa hawa-hawa har yashi da laka suka binne shi. Haka abin yake a ƙarƙashin arewacin Jamus da Holan, da Khewra ta Pakistan, da Goderich ta Kanada, inda ramin ya ratsa ƙarƙashin tafkin Huron. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, in nauyin duwatsu ya danne gishiri sai ya riƙa motsi a hankali, kamar tuwon da aka matsa, ya kumburo sama. A gefen irin wannan kumburin ake yawan samun man fetur, kuma a manyan ramukan gishiri na ƙarƙashin ƙasa a Texas da Louisiana Amurka ke ajiye ɗanyen manta na ko-ta-kwana.

Mu kam kantun Balma muka sani, wanda ayarin Buzaye ke ɗaukowa a raƙuma su musanya da gero, har ya iso kasuwar Kurmi. Shi ruwan gishiri ake tarawa a ramuka rana ta busar. Na Taudeni a Mali kuwa allo-allo ake sarowa daga gindin tsohon tafki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kwarin Binuwai ma teku ya taɓa shiga cikinsa, shi ya sa ruwan gishiri ke ɓuɓɓugowa a Keana da Awe a jihar Nasarawa, matan can na dafa shi tun kaka da kakanni. Duk da haka mafi yawan gishirin miyarmu a jirgin ruwa yake zuwa daga waje. Ƙannena masu karatun ilimin ƙasa a Jami'ar Bayero, don Allah in lokacin zaɓar aikin bincike ya zo, ku je Keana ku auna ruwan nan, ku bi sawun inda yake fitowa.

A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
Ɗanku da ke Ingila