Edgar Allan Poe, mutumin da ya shigo da dodo cikin gida

Ranar 19 ga Janairu, da hunturu ya kankama a nan Sakkwato, ita ce ranar haihuwar Edgar Allan Poe. An haife shi a Boston ta Amurka a 1809, kuma ni dai ban taɓa karanta marubucin da ya hana ni barci kamarsa ba.

Mu a nan abin tsoro daga waje yake zuwa. A tatsuniyoyin da Goggo take yi mana, dodo yana daji, aljanu suna gindin tsamiya, maye kuwa wani ne can a unguwa. Kowanne da dabararsa: kada ka fita da tsakar rana, kada ka yi yawo da magariba. Poe sai ya ɗauko dodon ya zaunar da shi a zuciyar mai ba da labarin kansa, inda babu ƙyauren da za ka rufe.

Dubi gajeren labarinsa The Tell-Tale Heart na 1843. Mutum ne yake ta rantsuwa cewa hankalinsa ƙalau, yana kuma bayyana yadda ya kashe tsohon da suke gida ɗaya. Ba dukiya yake so ba, tsohon bai taɓa yi masa laifi ba, idonsa ɗaya ne kawai mai kama da na ungulu ya tsaya masa a rai. Ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon ɗaki. 'Yan sanda suka zo, ya ba su kujeru a ɗakin, shi kuma ya zauna a daidai wurin, har sun gamsu suna hira. Sai ya fara jin zuciya tana bugawa daga ƙasa, ƙarar tana ƙaruwa, har ya tona asirin kansa da bakinsa. Da na karanta wa ƙanena, sai ya ce, "Yaya, to ina aljanin yake?" Na ce masa babu, shi ya sa ma ya fi tayar da hankali.

Rayuwar Poe ba ta yi daɗi ba. Mahaifiyarsa ta rasu a 1811, wani ɗan kasuwa a Richmond, John Allan, ya riƙe shi, daga baya suka ɓata kan bashin caca. Matarsa Virginia ta mutu da tarin fuka a 1847. A Oktoban 1849 aka tsince shi a Baltimore ba ya cikin hayyacinsa, sanye da tufafin da ba nasa ba, ya cika ranar 7 ga wata yana da shekara 40.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Rufus Griswold, abokin gabarsa, da ya rubuta ta'aziyya yana zubar masa da mutunci tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Bai ci riba ba. Marubucin Faransa Charles Baudelaire ya fassara labaran Poe zuwa Faransanci suka zagaye Turai, yau kuma babbar lambar yabo ta marubutan labaran bincike a Amurka sunanta Edgar.