Botar tuffa cikin awa ɗaya: abin da kasko ya koya mini

Sunan yakan ruɗi mutane. Botar tuffa babu man shanu a cikinta ko ɗigo. Tuffa ce ake dafawa ta narke, a ci gaba da dafa ta har yawancin ruwanta ya tsotse, ta yi kauri da santsi yadda za a lakato da wuƙa a shafa a burodi kamar bota. Tushenta Turai ne, wajejen Jamus da Holan da Beljiyam, inda tun da daɗewa ake dafa 'ya'yan itace su yi kauri don su kai mutane ƙarshen hunturu. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Fensilbaniya ta Amurka sun tafi da al'adar, kuma har yau a ƙauyukan can idan kaka ta yi akan ɗora ƙatuwar tukunyar tagulla a kan itace a tsakar fili, a yi ta juyawa da muciya mai dogon hannu, ana karɓa-karɓa tun safe har yamma.

Abin da ya sa nasu ke cinye wuni guda shi ne yawa da zurfin tukunya. Wannan shi ne babban darasin da aikin ya koya mini, kuma a kansa sauran suka rataya: saurin botar tuffa daga faɗin kasko yake fitowa, ƙarfin wuta ƙauri kawai yake kawowa. Tuffa kusan kashi 85 cikin 100 ruwa ce. Duk aikin da ake yi a kan murhu na korar wannan ruwa ne, shi kuwa tururi ta saman abin da ake dafawa kaɗai yake samun hanyar fita. Tukunya mai faɗin santimita 20 tana da fuskar da ba ta wuce murabba'in santimita 314 ba. Kasko mai faɗin santimita 30 yana da kimanin 707, wato fiye da ninki biyu. Tuffar da za ta kai awa biyu tana ɓararraka a 'yar tukunya mai zurfi, a faffaɗan kasko minti 35 zuwa 45 sun ishe ta. Saboda haka kafin a sayi tuffa ma, a fara duba abin dafawa: mai faɗi, mai kaurin gindi, mai ɗan tsayin baki kamar santimita 6 zuwa 8.

Irin ƙarfen ma abin lura ne. Tuffa da khal duk masu tsami ne, tsami kuma yana cin alminiyam da baƙin ƙarfen da ba shi da rufi. Idan aka daɗe ana dafawa a cikinsu sai botar ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, launinta ya dushe ya koma toka-toka. Ƙarfen da ba ya tsatsa ko kasko mai rufin tangaram shi ya dace.

Awon da ya dace da kasko mai santimita 28 zuwa 30 shi ne tuffa kilo ɗaya da rabi, wato manya 8 ko ƙanana 12, ruwa rabin kofi (mililita 120), sukari giram 150, khal ɗin tuffa ko ruwan lemon tsami babban cokali 2, garin kirfa cokalin shayi 1, garin kanumfari rubu'in cokalin shayi, da gishiri shi ma rubu'i. Abin da zai fito bai cika wuce mililita 600 zuwa 700 ba. Wanda bai saba ba yakan ji kamar an cuce shi idan ya ga tulin tuffar da ya feraye ya koma kwalba biyu ƙanana, amma haka abin yake, raguwar ita ce botar. Kada a ninka awon a kasko ɗaya don a huta. Idan markaɗen ya wuce zurfin santimita 3 zuwa 4 an koma gidan jiya, lokacin zai ninka ko ya fi. Mai son da yawa ya yi zubi biyu.

Littattafan girkin Amurka sukan ce a zuba abin da suke kira saida a madadin ruwa. A wurinsu ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace ba, babu giya a ciki. A Ingila kuwa wannan kalma sunan giyar tuffa ce. Ruwan tuffa na kwali wanda ba a ƙara masa sukari ba yana biyan buƙata, ruwan famfo ma ya wadatar.

Zaɓen tuffa bai kamata a yi shi da ka ba. Yawancin wadda ake samu a kasuwannin Najeriya daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, kuma an fi ganin iri uku zuwa huɗu. Granny Smith, koriyar nan shar, tsami gare ta sosai. Golden Delicious, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, tana da zaƙi kuma tana saurin narkewa. Gala da Fuji, masu ja-ja, zaƙi ne zalla, Fuji kuma tana da taurin kai a wuta. Idan aka yi da mai zaƙi kaɗai botar kan fito salam, zaƙi ba armashi. Idan koriya ce kaɗai sai an yi ta ɗura sukari. Haɗin da na fi yarda da shi: kashi biyu mai zaƙi, kashi ɗaya koriya. Tuffar da ta fara yaushi ko ta bugu a hanya, wadda masu tebur kan karyar da kuɗinta, ta yi daidai da wannan aiki muddin an yanke wurin da ya bugu. Wadda ta ruɓe ko ta yi fumfuna a yar da ita gaba ɗaya.

A wanke da ruwan ɗumi a goge, domin tuffar da ta yi doguwar tafiya akan shafa mata kakin da ke hana ta bushewa. Batun ɓawo akwai ja-in-ja. A ɓawo da tsakiyar tuffa ne sinadarin fektin ya fi yawa, shi ne mai sa kauri, don haka masu yin na gargajiya ba sa ferayewa, sai bayan ta dahu su tace. Mai sauri kuwa ferayewa ta fi masa, don tacewa a rariya tana cin minti 15 zuwa 20. Abin da babu ja-in-ja a kansa shi ne 'ya'yan ciki: a cire su tas kafin a kai ga blenda, saboda idan suka niƙe suna kawo ɗaci. A yanka ƙanana, kamar girman kan babban yatsa. Idan yankakkiyar ta fara yin ja kafin a gama, babu komai, can ɗin dai za ta.

Zangon farko a rufe ake yinsa. A zuba tuffa da ruwa da khal da gishiri, a rufe, a sa wuta matsakaiciya minti 15 zuwa 20, ana ɗan juyawa sau biyu ko uku. Ta yi idan an danna yanki da bayan cokali ya baje ba gardama. A wannan zangon ba a sa sukari. Sukari yana ƙarfafa jikin 'ya'yan itace a wuta, idan ya shiga da wuri sai yankan su ƙi narkewa, ga shi kuma yana jawo kamu tun aiki bai yi nisa ba. Kanwa ma kada a kusanto da ita da sunan ta yi saurin laushi. Za ta yi laushin, launin ma zai yi duhu da wuri, amma kanwa tana kashe tsami, tsamin nan kuwa shi ne ɗanɗanon botar, kuma shi ne mai tsaron ta daga lalacewa.

Sai niƙa. A bar ta ta sha iska minti 5, kada a cika blenda fiye da rabi, a cire ɗan murfin tsakiya a ɗora tsumma mai tsabta a danne da hannu. Tururin da aka toshe a blenda yana iya cilla murfi sama, ya watsa wa mutum tafasasshen abu a fuska. A niƙa sosai, minti ɗaya cur ko fiye, domin santsin da ba a samu a nan ba, ba za a same shi a wuta ba. Idan babu lantarki, a tuƙe ta da muciya a cikin kaskon, sannan a murza ta a rariya da bayan ludayi.

Zango na biyu shi ne aikin. A mayar da markaɗen cikin kasko, a zuba sukari, a bar shi a buɗe. Minti 15 na farko akwai ruwa da yawa, wuta matsakaiciya ba ta da illa, juyawa duk bayan minti 3 ta isa. Daga nan abin yake sauyawa. Ƙananan kumfa za su ɓace, sai manyan ƙuraje su riƙa tasowa a hankali suna fashewa, fuf, fuf, suna tsartuwa kamar talgen tuwo, kowace ta fashe ta bar rami na ɗan lokaci kafin ya cike. Ɗigon da ya sauka a bayan hannu manne wa fata yake, ya fi na ruwan zafi ciwo. A nemi cokalin katako mai dogon hannu da faffaɗan baki, a sa riga mai dogon hannu, yara su matsa. A rage wuta, a riƙa juyawa kusan ba tsayawa, bakin cokalin yana shafar gindin kasko, musamman kusurwar da gindi ya haɗu da gefe, don a nan ƙanzo ke fara kamawa. Rufewa don gudun tsartuwa kuskure ne, tururin zai taru a murfi ya koma ciki. Idan ta dame mutum, ya kifa rariyar ƙarfe a kai. A kan gawayi babu abin murɗawa, sai a janye rabin garwashin gefe tun kafin a kai wannan gaɓa.

Kirfa da kanumfari a minti 10 na ƙarshe suke shiga. Duk abin da aka zuba da farko ƙarfinsa ninkuwa yake yayin da ruwa ke tsotsewa, kanumfari kuwa ba ya yafiya: rabin cokali maimakon rubu'i ya isa ya mayar da botar kamar maganin haƙori. Mai son citta ya ƙara rabin cokalin shayi na garinta. A ɗanɗana bayan an hura ta huce, don harshe ba ya tantance zaƙi da tsami a abu mai zafi. Idan ta yi salam, yawanci tsami ne ya gaza, cokalin shayi ɗaya na lemon tsami yakan farkar da ita fiye da ƙarin sukari.

Launi ne ke yaudarar mutane su ƙona aikinsu. Botar da aka wuni ana dafawa takan yi duhu kamar cakuleti, saboda sukarin da ke cikin tuffar ya samu sa'o'i yana rinewa a hankali. Ta awa ɗaya ba za ta kai can ba, iyakarta ruwan zuma mai duhu. Wanda ya ƙara wuta don ya kamo wancan launi, gindin kasko kawai zai ƙona, domin muddin akwai ruwa a jikin botar zafinta ba ya wuce digiri 100 da 'yan kai, sai ɓangaren da ya bushe a ƙasa shi ne zai zarce ya yi baƙi. A nan sauri ke haifar nawa. Hanyar samun duhu ba tare da haɗari ba ita ce a maye rabin sukarin da mazarƙwaila, a narka ta da ɗan ruwan zafi a tace saboda tsakuwa. Tana ba da launi, ƙamshinta kuma yana tafiya da kirfa ƙwarai. Idan kuwa hanci ya jiyo ƙauri, a sauke nan take, kada a kankare gindin. A juye na saman cikin wani kasko, a bar wanda ya manne. Kankara ɗaya tana yaɗa ɗacin ko'ina.

Gane ta yi ba da agogo ake yi ba. A ja layi da cokali a tsakiyar kasko: idan gindin ya bayyana kuma hanyar ta jima ba ta rufe ba, an kusa. Sai a ɗiba kaɗan a ɗora a busasshen faranti mai sanyi a jira minti 2. Idan ta tsaya a tsibe, kuma babu zoben ruwa da ya tsattsafo a gefenta, ta yi. Idan ruwa ya zagaye ta, a ƙara minti 5 a sake gwadawa. A sauke ta tana ɗan sako-sako fiye da yadda ake so, don fektin yana ƙara kama jiki idan ta huce. Wadda ta yi daidai a wuta, da safe sai a tarar da ita kamar alewa. In hakan ta faru, babban cokali 2 na ruwan zafi da ɗan ɗumamawa suna gyara ta.

Ajiya ce wurin da aka fi yin sakaci, kuma abin yana damuna, domin kaurin botar kan sa a ɗauka ba ta lalacewa. Sukarinta bai kai na jam ba ko kusa, saboda haka ba ta jure zama a waje ba firji. A zuba ta da zafinta a kwalbar da aka tafasa ta bushe, ta huce, a sa a firji: mako biyu zuwa uku. A firiza tana kai watanni, amma a bar sarari a saman mazubin don tana kumbura. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, gara a yi rabin awo a cinye cikin 'yan kwanaki. Cokali mai tsabta kuma busasshe kaɗai zai shiga kwalbar, kuma in aka ga fumfuna ko ɗis ne a sama, duka za a zubar.

Mai son ajiye ta wata da watanni ba firji sai ya samu kwalaben da aka yi don haka, masu sabon murfi mai kamewa, kwalbar bama da aka wanke ba ta isa ba. Abin da ya sa tafasa cikakkiyar kwalbar a ruwa ke wadatarwa shi ne tsamin tuffa yana ƙasa da 4.6 a ma'aunin tsami na pH (ƙaramar lamba na nufin tsami mai yawa), iyakar da ƙwayar cutar botulizim, mai sa guba a abinci, ba ta iya tsiro a ƙasa da ita, kuma dalili ke nan da ba a rage khal ba a kuma sa kanwa. Ƙa'idar da Ma'aikatar Gona ta Amurka ta bayar ga kwalbar da ba ta wuce rabin lita ba, wadda aka riga aka tafasa ta, ita ce a bar sararin kimanin milimita 6 a sama, a nutsar da ita a tafasasshen ruwa minti 5. Wannan na wuraren da ba su wuce mita 305 daga doron teku ba ne. Kano ta haura mita 400, Jos kuwa ta kai wajen 1,200, kuma ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi a tudu, don haka a waɗannan garuruwa minti 10 ne, ana fara ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya koma tafasa bayan an saka kwalaben. Washegari a danna tsakiyar kowane murfi da yatsa. Wanda ya lotsa ya taso bai kama ba, wannan kwalbar firji za ta, ita za a fara ci.