Ashe har da ni?

Jiya a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki fastonmu ya rubuta wata kalmar Helenanci a allo: hierateuma. Sau biyu kacal ta fito a Sabon Alkawari, duka a 1 Bitrus 2, aya ta 5 da ta 9. Ba muƙamin mutum ɗaya take nufi ba, taron firistoci ne dungurungum, kuma daga tsohuwar fassarar Helenanci ta Fitowa 19:6 Bitrus ya ɗauko ta, ya kuma yi amfani da ita a kan dukan masu bin Yesu.

Ni da na tashi da tunanin firist sai mai doguwar riga a gaban bagade!

Wata tsohuwa da ke gefena ta zungure ni: "Ɗana, ashe har da ni?" Na ce, "Har da ke, Mama." Dariya ta yi ta yi, tana share ido da bakin zane.