Ki jiƙa ƙyallen nan kafin ki sa almakashi

Ƙannena masu koyon ɗinki, ku zo ku ji abin da ya same ni da labule, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin da muka tare a Ƙofar Ƙaura ina da jaka guda cike da ragowar ƙyallaye, atamfar anko, guntun farar shadda da ya rage a ɗinkin Sallar maigida, da su yadi kala-kala. Na ce me zai kai ni kasuwa sayen labule ga kaya a ajiye. Kwana 3 ina kan keke ina harhaɗawa, kuma wallahi ya yi kyau, duk wadda ta shigo sai ta tambaya wane tela ya yi mani.

Hunturu ya zo, ƙura ta cika shi, na wanke. Nan fa. Jar atamfar ashe tana zuba, ta ɓata farar shaddar kaf, sannan atamfar sabuwa ce bata taɓa ganin ruwa ba sai ta tsuke, sauran da aka sha wankewa suka tsaya yadda suke, duk layin ɗinkin ya tattare, gefe ɗaya ya ɗage sama kamar an ja shi. Na yi guga har na gaji, bai miƙe ba. Zama na yi ina farke shi da reza hawaye na zuba, don shaddar nan na daɗe ina tattalinta.

To ke dai ki jiƙa kowane ƙyalle daban a bokiti, ki duba ruwan, in ya canza kala kar ki kuskura ki haɗa shi da fari. Ki shanya, ki goge, sannan ki auna. Kuma mai nauyi da mai nauyi ake haɗawa, leshi ba ya zama da shadda.

Awo ma na yi kuskure, daidai faɗin taga na yanka sai ya tsaya sambal ba tattara ko ɗaya. Taga in inci 40 ce ki nemi faɗin inci 80, ki bar rarar kamar inci 8 a tsawo saboda kalmasa da inda ƙarfe zai shiga.

Tagar da ke kallon yamma kuwa ki sa mata farin yadi ta baya, ranar Katsina ba ta barin kala. Nawa na biyu haka na yi mashi, shekara 2 kenan yana rataye bai koɗe ba.