Wasiƙa ga makiyaya da masu kiwon gida: a auna maganin kaska kafin damina ta kankama

Assalamu alaikum. Muna gaida iyayenmu makiyaya, da masu turke a cikin gari, da iyaye mata masu kiwon awaki da kaji a tsakar gida. Ina gajiya, yaya garke? Muna rubuto muku ne daga Utrecht ta ƙasar Holan a kan maganin kaska, ƙuma, kwarkwata da ƙazwa, ganin ruwan farko ya kusa sauka, kuma da saukarsa manyan kaska ke darewa jikin shanu.

Kukan da aka fi yi shi ne magani ya daina ci. Wani lokacin haka ne. Akwai kaskar da asalinta daga Asiya take, wadda a Afirka ta Yamma aka fara ganinta a Kwaddibuwa a 2007, daga baya ta bayyana a Benin, Burkina Faso, Mali da Najeriya, kuma ta yi suna wajen jure magani. Amma sau da yawa ba kaskar ce ta gagara ba, haɗin ne bai kai ba. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Sirinji na mil 10 ko 20 ba shi da tsada, kuma shi ya kamata ya zauna kusa da injin feshi.

Mu ɗauki maganin feshi na amitiraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, irin su Taktic. Ga shanu, mil 2 ake zubawa a kowace litar ruwa, wato mil 40 a injin goyo mai lita 20. A fara dama shi a ɗan ruwa cikin bokiti har ya yi fari kamar madara, sannan a juye a injin, a cika, a girgiza. Babbar saniya tana shan kusan lita 5 kafin ta jiƙe har fata, saboda haka goyo ɗaya na shanu huɗu ne, in an matsa biyar. Wanda ya bi shanu ashirin da goyo ɗaya ya yayyafa musu ruwa ne kawai. Kaskar da ta ɗanɗani magani kaɗan ta rayu ita ce za ta faɗi ƙasa ta zuba dubban ƙwai, 'ya'yanta kuma su gaji juriyar.

Inda ake fesawa ma abin lura ne. Kaskar nan mai zane a baya da dogon baki, wadda ke buɗe wa kirci ƙofa kuma take kashe kan nono, ba a gadon baya take zama ba. Ku duba hantsa, marainan sa, hammata, mara da ƙarƙashin wutsiya. A fara daga ƙafafu a yi sama, ana harba ruwan ta inda zai ɗaga gashi, a ƙare da kunnuwa da kai. A shayar da dabba kafin feshi don kada ƙishi ya sa ta lashe jikinta, a yi da sassafe ko da la'asar sakaliya, kuma in hadari ya haɗu a dakata. Haɗin amitiraz ba ya kwana, abin da za a ƙarar yau shi za a dama.

Masu bincike a CIRDES, cibiyar binciken kiwo da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, sun lura cewa wannan kaskar tana fara maƙalewa ne a tsakanin kofato lokacin kiwo, sai shanu sun kwanta da dare take hawa zuwa hantsa. Shi ya sa suka fito da dabarar kwarmin siminti mai ruwan magani a bakin garke, shanu su taka ta ciki da yamma duk bayan kwana biyu ko uku a farkon damina. Maganin da ake amfani da shi kaɗan ne, kuma makiyayan da ke zaune wuri ɗaya za su iya haɗa kuɗi su gina guda.

Na zubawa a baya, kamar Bayticol, da nauyi ake auna shi: mil 1 ga kowane kilo 10, daga tozo zuwa gindin wutsiya. Saniya mai kilo 300 mil 30 ke nan. Ba a sirka shi da ruwa ko man gyaɗa don ya auku.

In magani ya gaza bayan an auna daidai, a sauya dangi, ba suna ba. Duk wanda sunan sinadarinsa ya ƙare da haruffan “thrin” a jikin kwalba gida ɗaya suke, kaskar da ta jure ɗaya yawanci ta jure sauran. Amitiraz gidansa daban, su dayazinon, wani maganin feshin kaska, su ma gidansu daban. Kada kuma a haɗa biyu a injin ɗaya da sunan ƙara ƙarfi.

Allurar aibamektin, irin su Ivomec, mil 1 ce ga kilo 50 a ƙarƙashin fata. Akuya mai kilo 25 rabin mil take bukata, ba cikakken sirinji ba. Tana aiki sosai a kan ƙazwa da kwarkwata mai shan jini, amma ba ta kashe ƙwai, don haka a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, a yi wa duk dabbobin da ke turke ɗaya. A kan manyan kaskar damina kuwa ƙarfinta kaɗan ne, kada a dogara da ita. Baƙin man inji da ake shafa wa ƙazwa yana ƙona fata, dabba ta lasa ya shiga cikinta. A daina.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗaukar ragowar maganin shanu a bi sauran dabbobin gida da shi. Amitiraz yana tsayar da hanjin doki da jaki, ciki ya ƙulle, wani ba ya tashi. Kyanwa ma ba ta ɗaukarsa. Farmetirin, wanda ke cikin maganin ɗigawa a wuyan kare irin su Advantix, guba ne ga kyanwa saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ko gogar jikin karen da aka ɗiga wa ta yi, sai ka ga kunnuwa da fatar baya suna rawa, daga nan sai farfaɗiya. In haka ta faru a wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke-wanke, a tsane ta, a garzaya wurin likitan dabbobi. Fifronil na cikin Frontline yana da kyau ga kare da kyanwa, amma yana kashe zomo. Ita kuma ƙuma, mafi yawanta ba a jikin dabba take ba, ƙwai da tsutsarta suna cikin shimfiɗa da ƙurar lungu. In ba a wanke tsumman kwanciya an share wurin ba, bayan mako biyu ko uku za ta dawo.

A nan Holan, a 2017, an gano fifronil a cikin ƙwan kaji, bayan an cakuɗa shi a ɓoye cikin abin feshin ɗakunan kaji don kashe wani jan ƙwaro mai shan jininsu da dare. An rufe gonaki, an janye miliyoyin ƙwai daga shaguna a ƙasashen Turai. Abin da aka fesa a akurki yana iya fitowa a ƙwan da yara za su ci. To ina ga Sniper da Gamalin, waɗanda ba a yi su don jikin dabba ba ko kaɗan? Alamar gubar su Sniper da dayazinon ita ce dalalar yawu, zawo, karkarwa da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Maganinta allurar atirofin ce a hannun likita, ba manja ko madara ba.

Mai feshin ma ya kare kansa: safar hannu ta roba, takunkumi, riga mai dogon hannu, iska tana bayansa. Kada a busa bakin injin da baki in ya toshe, kada a murtsuke kaska da yatsu, don wasu na ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini da ke kama mutane. Ruwan wankin injin a zuba shi a rami nesa da rijiya da tafki, dangin “thrin” suna kashe kifi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta man girki.

Sai maganar layya, tunda a 'yan shekarun nan babbar salla tana faɗowa a farkon damina. Kowane magani yana da kwanakin jira kafin yanka, suna rubuce a jikin takardarsa. Na allurar aibamektin ga shanu kwana 35 ne a Amurka, 49 a Ingila, kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha. Mai turke ya ƙirga baya daga ranar salla, allura ta ƙarshe ta kasance an yi ta da mako bakwai. Ragon da kaska ta kama bayan nan a cire masa da hantsaki, a kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa ta cikin kananzir.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare dukiya. A gaida mutanen gida.

Naku,
'yan'uwanku likitocin dabbobi mazauna Holan