Kafin ka goge komai, buɗe sabon asusu tukuna

Raina yakan ɓaci idan na ji mutum ya goge Linux ɗinsa gaba ɗaya ya sake ɗorawa, don kawai rubutu ya ƙanƙance a allo, ko sandar sama ta ɓace, ko tagogi sun daina jin magana. Yini guda zai ƙare yana mayar da manhajojinsa, alhali cutar tana zaune a fayil ɗaya tak a cikin foldarsa.

Ni da GNOME nake aiki, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren allo da tagogi na Linux, a kansa zan tsaya. Kusan duk saitin da ka taɓa canzawa, daga girman rubutu har hoton bango, dconf, wato ma'ajiyar saitin GNOME, ne ke ajiye shi, a fayil mai suna user cikin ~/.config/dconf. Manhajar GNOME Tweaks, wadda mutane ke yi wa kallon abin al'ajabi, yawancin aikinta rubutu ne a wannan ma'ajiya. Tun da GNOME 3 ya fito a 2011, tagoginsa na asali ba sa zuwa da maɓallin saukar da taga da na faɗaɗa ta, sai na rufewa kaɗai. Tweaks kan dawo da su nan take, amma abin da take taɓawa layi ɗaya ne, wanda kai ma za ka iya rubutawa da hannunka a tashar umarni (Terminal):

gsettings set org.gnome.desktop.wm.preferences button-layout ':minimize,maximize,close'

Ranar da na gane haka, tsoron waɗannan manhajoji ya fita daga raina, kuma na daina amincewa da duk wadda ba ta nuna mini abin da take canzawa.

Idan allo ya rikice, abu na farko da nake yi shi ne buɗe sabon asusun mai amfani in shiga da shi. In komai lafiya lau a can, to injin da tsarin ba su da laifi, matsalar tana cikin saitina ne. Daga nan sai in duba ƙarin manhajojin da ake liƙa wa GNOME Shell, wato ɓangaren da ke nuna sandar sama da tagogi, domin su ne suka fi yawan karyewa bayan sabuntawa, tunda kowanne an rubuta shi ne don wasu zubi na musamman. Daga GNOME 40 na 2021 an cire kula da su daga Tweaks, an bar wa manhajarsu mai suna Extensions; mutane da yawa har yanzu a tsohon wuri suke nemansu. Ko da allon ya ƙi buɗewa sam, Ctrl+Alt+F3 zai kai ka inda za ka rubuta umarni, ka kashe su gaba ɗaya.

Akwai umarnin dconf reset -f /org/gnome/ da ake yawan ba mutane kamar maganin kowace cuta. Yana aiki, gaskiya ne, amma yana share gajerun hanyoyin kibod da ka tsara, da jerin manhajojin da ka maƙala a gefe, da launukan tashar umarninka. Shi ya sa kafin in taɓa komai nake rubuta dconf dump / > saiti.txt, in ajiye kwafin a gefe. In abu ya lalace, dconf load ya dawo da shi. Saiti guda ɗaya kuwa, gsettings reset ya ishe shi.

Masu Windows ma haka abin yake, sai dai ma'ajiyarsu Registry ce. PowerToys, manhajar Microsoft ta gyara saiti, na nuna maka kowane abu a fili. Manhajojin da nake gudu su ne masu alkawarin hanzarta kwamfuta da danna maɓalli ɗaya, su canza abubuwa barkatai ba tare da lissafi ba. Ka kafa wurin komawa na System Restore kafin ka gwada ko da mai kyau ce.

Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in duba sakamakonsa, sannan in ci gaba. A X11, tsohon tsarin nuna hoto a allo, Alt+F2 da harafin r kan sake tayar da Shell ba tare da an rufe komai ba. A Wayland, sabon tsarin da ya gaje shi, wannan dabara ba ta aiki, dole ka fita daga asusun ka sake shiga, don haka ka adana aikinka tukuna.